Ranar da Na Matsar da Ɗorawar Gonarmu

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba. Amma ranar da na kai mahaifina gidan zane-zane a Birnin Kudu, wannan kam ko tsufa ya kwashe komai daga kaina ina jin ita za ta rage. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na ji gumin nan yana bin bayana.

A lokacin na gama kwalejin ilimi inda na karanci zane, na kuma samu gurbin ƙaro karatu a jami'a. Takarda tana hannuna, kwana goma suka rage a rufe rajista, abu ɗaya kawai nake jira: amincewar Baba. Mu mutanen Maruta ne a ƙasar Gwaram, manoma tun kaka da kakanni, kuma a gidanmu ba a tafiya ko'ina sai Baba ya ce “to”. Shi kuwa “to” ɗinsa ba ta fita da sauri. Ra'ayinsa shi ne in dawo gida in nemi koyarwa a firamaren garinmu, da yamma in shiga gona. Bai taɓa hana ni zane ba, tunda na yi masa alkawarin ba zan zana mai rai ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda ƙato mai gemu zai ƙara wasu shekaru yana koyon shafa fenti. Ya ce mai fentin da ya yi mana masallaci kwana biyu ya yi ya gama, kuma bai ji an ce ya je jami'a ba.

Ana cikin haka malaminmu ya aiko mini cewa wani ɗan gidan nuna zane-zane da kayan gargajiya da aka buɗe a Birnin Kudu ya karɓi ayyukan wasu daga cikinmu, kuma nawa yana ciki, an rataye shi a bango. Na kai wa Baba labari ina rawar jiki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Zan je in gani da idona. In na ga aiki, ka tafi karatunka. In na ga wasa, ga fartanya can a rumbu.”

Ni kuwa hankalina kwance yake. Gonarmu na zana, da damina, gero ya fitar da kai. Babu mutum, babu dabba, ko tsuntsu ban saka ba. A tunanina ba a taɓa yin zanen da ya fi wannan nisa da rigima ba.

To dole in yi muku bayanin ɗorawa. Da kakanmu ya rasu aka raba gonarsa biyu, gabas ta Baba, yamma ta ƙanensa, Baffana. Aka dasa layin gamba a tsakani ya zama kan iyaka. Sai dai akwai wata tsohuwar ɗorawa da ke tsaye daidai wajen layin nan, kuma masu rabon gado ba su ce komai a kanta ba. Baba ya ce tasa ce. Baffa ya ce tasa ce. An je gaban mai unguwa, an je gaban dagaci, dagacin ya rasu aka naɗa ɗansa aka sake zuwa. Abin mamakin shi ne in ban da ɗorawar nan babu abin da ke raba su. Sahu ɗaya suke bi a masallaci, kwano ɗaya suke cin tuwo, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ne ke kai shi asibiti. Amma da bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, mata suka fito da dogayen gora za su kaɗo don a samu kalwar daddawa, sai a ɗauko magana daga inda aka ajiye ta bara. Mu kuma tafiyarmu ta faɗo ne a tsakiyar bazara.

Da safen ranar muna fitowa muka tarar da Baffa a ƙofar gida, ya sha babbar riga da hula, yana goge fuskar wayarsa da hannun riga. Ya ce, “Yaya, ai ɗanmu ne gaba ɗaya. Ba za a rataye shi a birni ban je na gani ba.” Baba ya ce ba yaron aka rataye ba, zanensa ne. Baffa ya ce duk ɗaya ne. Muka shiga mota zuwa Gwaram, daga can muka hau ta Birnin Kudu, su biyu a gaba suna raba goro, ni a baya ina tsara yadda zan yi wa Baba bayanin haske da inuwa.

Gidan ba babba ba ne, ɗakuna uku ne da baranda. Baba ya ga daɓen yana sheƙi sai ya cire takalmi a bakin ƙofa, Baffa ma ya cire, ni ma dole na cire. Mai kula da gidan, wani dattijo mai tabarau da sanyin murya, ya ce ai ba sai an cire ba. Baba ya ce an riga an cire. Haka muka shiga babu takalma, dattijon yana gaba yana bayani.

Ɗakin farko na kayan da ne. Baba ya tsaya gaban wata garma da aka sa a cikin gilashi, ya leƙa ta sama ya leƙa ta ƙasa, ya ce wannan ai da sauran aiki a jikinta, ƙota kawai take so. Baffa ya ga akushi ya tambaya me ya yi aka kulle shi, tunda akwai irinsa a gidansa kaji na shan ruwa a ciki. Mai kula da gidan ya amsa musu duka cikin haƙuri. Da alama ya saba.

A ɗaki na biyu zane-zane suka fara. Akwai wani babba, ja da baƙi da ruwan ɗorawa an watsa su ta ko'ina, wanda mu a makaranta muke tsayawa gabansa mu kama haɓa. Baba ya dube shi ya ce, “Malam, wannan an gama shi ne, ko mai shi zai dawo?” Aka ce an gama. Ya ce, “Allah sarki.” Gaba kaɗan akwai zanen saniya, Baffa ya ce duk mai saniyar nan ya nemi kanwa ya ba ta, ba ta da lafiya. Ni dai ina biye da su ina murmushin yaƙe, ina cewa a raina bari mu kai nawa, a nan ne za su san an yi karatu.

Nawa yana ɗaki na uku, shi kaɗai a bangon da ke kallon ƙofa, da 'yar takarda a ƙasansa mai ɗauke da sunana da lamba. Na tsaya gefe na harɗe hannu. Baba ya matsa kusa. Na ga ya gane wurin nan take, domin idonsa ya bi kunyoyin geron, ya bi hanyar rafi, ya tsaya a kan dutsen da muke ajiye gorar ruwa. Har na ga kamar gefen bakinsa ya motsa. Daga nan idonsa ya bi layin gamba ya haura sama, sai ya tsaya cak.

Baffa ne ya fara magana. Ya ce, “Allahu Akbar.” Ya sake matsawa ya ce, “Allahu Akbar. Yaya, kana ganin abin da nake gani?”

Sai a lokacin na ga abin da na aikata. A makaranta an koya mana cewa ba a dasa babban abu a tsakiyar zane, yana raba ido biyu, gara a ɗan tura shi gefe. Da na zo zana ɗorawar sai na ga ta faɗo tsakiya, gefen yamma kuma ya yi fili da yawa. Sai na ɗauke ta na kai ta can. Ban matsar da ita kaɗan ba, na kai ta tsakiyar gonar Baffa, har na yi mata inuwa mai kyau a kan geronsa. Wata uku na yi ina aikin zanen nan, malamai biyu suka duba shi suka yaba, kuma wallahi ko sau ɗaya zancen iyaka bai zo mini a rai ba. Ni da aka haifa a cikin rigimar nan.

Baffa ya juya wajen mai kula da gidan ya ce, “Malam, nan gidan hukuma ne?”

Dattijon ya ce to, da hannun hukuma a ciki.

“Wannan lambar ta ƙasa fa, an shigar da ita a littafi?”

Ya ce an shigar.

Baffa ya ce, “Alhamdu lillahi. Shekara da shekaru ina faɗa ana cewa son zuciya ne. Yau ga ɗan cikinsa ya rubuta da hannunsa, hukuma ta karɓa ta buga lamba.” Ya ciro waya ya tambaya ko ana ɗaukar hoto. Aka ce ana ɗauka, ban da walƙiya. Ya ɗauka daga nesa, ya ɗauka daga kusa, sannan ya miƙa mini wayar ya tsaya gefen zanen yana nuna ɗorawar da yatsa, ya ce in ɗauke shi. Baffana ne, ba yadda zan yi. Na ɗauke shi.

Mai kula da gidan ya fahimci an taɓo wani abu, sai ya shiga tsakani. Ya ce, “Alhaji, ai zane ba taswira ba ne. Mai zane yana da 'yancin ya gyara abin da ya gani don ya fi kyau.” Baba bai ko dube shi ba. Ya ce, “Malam, in gyara ne, a ba shi burushi ya mayar da ita yanzu. Muna jira.” Dattijon ya ce ba a taɓa abin da aka riga aka rataye. Baba ya ce to a sauke shi. Ya ce ba a saukewa sai an gama nunin. Baba ya tambaya yaushe ke nan, aka ce sai bayan damina. Ya tambaya mutum nawa ke shigowa a rana, dattijon ya ce ya danganta, wani lokaci makarantu kan kawo ɗalibai mota guda. Baba ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka yi wa ta'aziyya.

Sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Ya ce, “Da idonka ka gan ta a can?”

Na ce, “A'a, Baba.”

“To me ya kai ta?”

Na ce, “Don ya fi kyau ne.”

Ya maimaita, “Don ya fi kyau.” Ya sake kallon zanen ya ce, “Ashe da fenti ma ana yin shaidar zur.” Ya juya ya fita, ya sa takalminsa.

A mota ba wanda ya yi mini magana. Baffa yana nuna wa fasinjoji hoton, har wata mata ta ce kai, wannan bishiya ai a fili take ta mai gonar yamma ce. Baba yana kallon taga. Ni kuwa na riga na sallama. Na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba na jami'ar kaɗai ba. Na kawo mahaifina birni don in nuna masa abin alfahari, na tsayar da shi babu takalmi a gaban baƙo, na kayar da shi a shari'ar da dagatai biyu ba su kayar da shi ba. Da muka isa gida Inna ta tambaye ni yaya aka yi, na ce a tambayi Baffa. Kafin la'asar rabin Maruta sun ga hoton.

Washegari bayan an idar da sallar asuba, gari ya fara haske, Baba ya leƙo ɗakina ya ce, “Ɗauko kayan aikinka.” Na ɗauki allo da takarda da fensir na bi shi. Bai tsaya ba sai gona. Ya kai ni ƙarshen layin gamba ta kudu, inda mutum zai tsaya ya hango iyakar ta miƙe har gindin ɗorawa. An yanke gambar an yi zana, amma tushenta yana nan a jere. Ya ce, “Zauna nan. Zana ta inda Allah ya ajiye ta. Ban ce ya yi kyau ba.” Shi kuma ya koma kan dutse ya zauna ya ciro carbi.

Na miƙe hannu da fensir, na rufe ido ɗaya ina awo da babban yatsa yadda aka koya mana. Baba ya ce, “Da ido biyu ma ga abin da ka yi, yanzu kuma ɗaya za ka rufe?” Na ce haka ake awo. Ya ce to.

A nan ne na ga abin da ban zata ba. Tunda nake ban taɓa tsayawa na kalli ɗorawar nan daga kan layi ba. Kullum daga gonarmu nake ganinta, kuma daga gonarmu tamu ce. Amma daga inda nake zaune, layin gamba ya tafi ɗoɗar ya shige cikin gindinta, kuma bai raba ta daidai ba. In aka kasa kututturen uku, kashi ɗaya ne a wajenmu, biyu suna wajen Baffa. Na sake aunawa. Na canza ido. Na ɗan gusa hagu, na gusa dama, na dawo kan layi. Bishiya ba ta motsa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin matsar da ita. Ba ma da yawa ba, faɗin yatsa ɗaya a takarda ya isa. Na riga na nuna na iya. Ga Baba zaune, ga kwana tara da suka rage, ga jiya da nake son in goge. Na san in na miƙa masa takarda ɗorawa tana gabas, yana iya yin murmushi ya ce in tafi. Na ɗora fensir a inda zan fara ƙaryar. Abin da ya hana ni ba wani ƙarfin imani ba ne, kada in yabi kaina. Kalmar nan ce ta jiya, shaidar zur, ta ƙi barin kunnena. Na ga in na yi ta sau ɗaya bisa kuskure, ta biyu da gangan ce, kuma a gaban mutumin da ya kira ta da sunanta. Sai na zana abin da ke gabana, na sa layin ya shiga inda ya shiga.

Rana ta ɗaga sosai kafin na gama. Na kai masa na durƙusa. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya tashi da takardar ya je inda na zauna, ya tsuguna, ya dubi bishiya, ya dubi takarda. Har na ga ya rufe ido ɗaya. Sannan ya dawo.

Ya ce, “Haka take?”

Na ce, “Haka take, Baba.”

Ya ce, “Na sani. Ni na dasa gambar.”

Ya naɗe takardar a hankali ya ce, “Da ka turo ta wajena, da yau ka yi sallama da burushi. Wanda zai yi wa ubansa ƙarya don ya faranta masa, gobe wani zai ba shi abin goro ya yi wa ubansa ƙarya don ya cuce shi.” Ya ƙara da cewa, “Na ɗauka sana'ar nan ba ta cutar da kowa, shi ya sa na raina ta. Ashe tana tsige bishiya. Abu mai haɗari haka ba a barin mutum da rabin saninsa. Je ka ƙaro karatun.”

Hawaye suka cika mini ido, na fara godiya ina haɗa kalmomi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya zura takardar cikin aljihun rigarsa, ya ce, “Amma wannan, kada Baffanka ya gani.”

Bai gani ba kuwa. Takardar ta shiga ƙasan akwatin Baba, ba ta fito ba sai bayan rasuwarsa. Rigimar ɗorawa ma ba ta mutu ba, an ci gaba da ita kowace bazara yadda aka saba, sai dai daga shekarar nan Baba yakan sa Inna ta auna kalwa ta aika gidan Baffa, tare da saƙon cewa ba don tasa ba ce, zumunci ne kawai. Baffa yakan karɓa ya aiko da cewa ya karɓi haƙƙinsa, saura ragowar.

Yanzu ni ke koyar da zane, kuma har yau ina gaya wa ɗalibai cewa ba a dasa babban abu a tsakiyar takarda. Sai dai nakan ƙara musu da cewa kafin ka matsar da komai, ka tambaya na waye. Abin da ka ajiye da hannunka a gaban jama'a, kai ado ka nufa, amma akwai wanda zai karanta shi a matsayin shaida, kuma yana da gaskiyarsa. Darasin da ya fi zauna mini shi ne wanda na koya a gindin ɗorawar nan. Mahaifina yana son bishiyar nan har ya yi shekaru yana jayayya a kanta alhali ya san inda take tsaye, amma bai so ta har ya yarda ɗansa ya zama maƙaryaci dominta ba. Allah ya jiƙan Baba.